A Rumfar Mai Gyaran Rediyo, Kilomita Biyar

Sunan unguwar awon hanya ne. Daga dandalin da ke tsakiyar birnin Bangui, ɗan jifa da bakin kogin Ubangi, ake fara ƙirga nisa, wurin shi ne sifiri. Ka kama titin Barthélemy Boganda ka miƙe har kilomita biyar, to ka iso. A takarda PK5 ake rubutawa, a baki kuwa wani ya ce Kilomita Biyar, wani ya gutsure da Faransanci ya ce Sank Kilo. Ɗan acaɓar da ya ɗauko ni bai tsaya tambayar wane layi za ni ba. Da ya ga hulata, ya ji harshena, sai ya sauke ni a bakin kasuwa, ya nuna min hasumiyar masallaci da haɓa, ya faɗi wata magana da Sango wadda hannunsa ya fassara min: can 'yan uwanka suke.

Kunne ya riga ido sanin wurin. Kafin na gama kakkaɓe jar ƙurar da ta hau min wando, na ji Sango da Faransanci da Larabcin Cadi da Fulatanci suna gogayya a bakin rumfa ɗaya, sai kuma Hausa ta ratso tsakaninsu, wani yana cewa a miƙo masa canjin jaka biyu. Hausa ce da ta sha ruwan Ubangi. Wutar lantarki a bakinsu kuran ce, janareto kuma gurup, kamar yadda za ka ji a Maraɗi ko Damagaram. Faransawa sun kafa Bangui a 1889, fatake kuma suka biyo baya, Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Cadi da na Sanagal, har yau akwai sassan unguwar da ake kira da sunan Sanagalawa da na mutanen Kamaru. Kasuwar nan ita ce cikin birnin. Kaya na tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, su shigo ta Garwa-Bulai, su ratsa Bouar, su sauka a nan, daga nan ne sauran unguwanni ke sara.

Duk wanda ya saurari labaran duniya a ƙarshen 2013 da farkon 2014 ya san rikicin da ya faɗa wa wannan unguwa. Dubun dubatar Musulmin Bangui suka tsere zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka taru a nan, fita daga unguwar ta zama sayar da rai. A ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shigo har babban masallacin Koudoukou. An sake ɗauki ba daɗi a Afrilun 2018, sannan a Disamban 2019 tsakanin 'yan kasuwa da masu ɗauke da makamai. Mutanen unguwar sun gaji da maimaita wannan labari ga baƙi, ni ma ban matsa ba. Abu ɗaya dai na riƙe daga bakin mai masaukina: a waɗancan watanni, kafin mutum ya sa ƙafa waje da safe sai ya ji abin da rediyo ta ce, musamman Ndeke Luka, tashar da ke watsa shiri da Sango da Faransanci tun shekarar 2000. Wanda ya rayu haka ba ya ɗaukar rediyo abin wasa.

Mai masaukin nawa ɗan uwan mahaifiyata ne, atamfa yake sayarwa. A gidansa akwai surukinsa, dattijo, kowa Baba yake ce masa. A nan aka haife shi, mahaifinsa ne ya zo fatauci daga ƙasar Hausa ya zauna, shi kuwa bai taɓa ganin Kano da idonsa ba. Abin da ya haɗa shi da ita wata baƙar rediyo ce mai cin batir huɗu, an ɗaure marfin bayanta da roba. Yatsansa ya haddace inda mita 16 da 19 da 25 da 31 suke a gajeren zango, ba ya buƙatar duba allura. BBC ta fara Hausa a 1957, RFI ta biyo baya a 2007, Baba kuwa ya san muryoyin ma'aikatansu kamar na 'ya'yan gidansa.

Daren farko na ga abin da ke damunsa. An idar da magariba, aka kunna ƙwayayen sola a tsakar gida, yara suka jera wayoyinsu a kan caja, Baba ya ja eriya ya murɗa. Murya ta fito daga nesa, siririya, sai wata ƙara ta danne ta, zuuu, kamar an watsa ruwa cikin tafasasshen mai. Ya juya rediyon gabas, ya juya ta yamma, ya ɗora ta a gwiwa, ya kara ta a kunne. Ya ce wata uku ke nan ba ya samun labari cikakke, kuma zuciyarsa na raya masa wani ne ke toshe tashar da gangan. A garin da aka ga abin da aka gani, wannan zato ba wauta ba ne. Jikokinsa kuwa cewa suke rediyon ta tsufa, a saya masa waya ya riƙa ji ta intanet. Ya ce idonsa ba ya ganin rubutun waya, kuɗin data kuma ba daga rijiya ake jan su ba.

Da hantsi na ɗaukar masa rediyon muka shiga kasuwa.

Rumfar mai gyaran tana wani lungu bayan masu sayar da batiran sola, tsakanin tela da mai sayar da tabarau. Faɗinta bai fi tabarma biyu ba. Tebur ne guda, a kansa mita da gilashin ƙara girma da dunƙulen dalma, a ƙarƙashinsa kwali cike da gawarwakin wayoyi, Tecno da Itel da tsofaffin Nokia, waɗanda ake cirar kayan gyara a jikinsu. Ƙarfen liƙi biyu gare shi, ɗaya na lantarki, ɗaya kuma yana kwance cikin kaskon gawayi saboda lokacin da babu kuran. Wutar Bangui daga madatsar Boali take zuwa, an ƙara mata da tashar hasken rana ta Danzi a 2023, amma har yanzu rabawa ake unguwa-unguwa, shi ya sa kusan kowane gida mai ɗan hali ya tanadi faranti da batir da inbata. Mai rumfar zai kai shekara hamsin, a Duwala ya koyi sana'a, ya kuma yi shekara biyu yana gudun hijira a Garwa-Bulai kafin ya dawo ya sake kafa teburinsa.

Ya gaida Baba da hannu biyu, ya ba shi kujerarsa, ya kunna rediyon. Tsit, sai ɗan hucin nan na iska da aka saba ji, ga tasha kuma ta fito rangaɗaɗau. Bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya tambayi lokacin da ƙarar ke farawa, aka ce bayan magariba. Ya miƙa hannu cikin kwali ya ɗauko wata farar caja, ya soka ta a soket, ya jona waya, ya matso da igiyar kusa da eriya. Nan take ƙarar jiya ta cika rumfar, har telan gefe ya ɗago kai. Ya janye igiyar, ƙarar ta ja baya. Ya zare cajar, ta mutu.

"Baba, rediyonka lafiyarta lau," in ji shi. "Maƙwabta gare ta masu surutu."

Parazit suke kiran wannan ƙara, kalmar Faransanci ce da asalinta ke nufin ƙwaron da ke rayuwa a jikin wani. Na roƙe shi ya buɗe min cajar in ga inda ƙwaron yake kwana. Ya sa wuƙa ya ɓare ta, ya ciro wani ɗan allo da bai kai faɗin akwatin ashana ba, ya ɗora a ƙarƙashin gilashi ya ce in duba. Da farko kayan da ke kai na riƙa kallo, ɗan taransifoma mai rawayar riga, kwandensa biyu, aisi mai ƙafa takwas. Ya ce a'a, Malam, dubi inda babu komai. Sai na gani. A gefen da wuta ke shigowa akwai zanen farin fenti na wuraren da aka tanada, ga ramukan ƙafafu, ga harafin C ga harafin L an buga a gefe, amma fili ne fayau. Inda ya kamata kwayil mai tace ƙara ya zauna, guntun waya aka sa aka haɗe ramukan biyu. Wanda ya zana allon ya san aikinsa, ya bar wa matatar gurbi. Wanda ya ƙera shi da yawa ne ya ga caja na aiki ko babu ita, ya cire don ya rage kuɗi.

Cajar zamanin da nauyi gare ta, domin taransifomarta na aiki da bugun wutar gida, sau 50 a sakan. Ta yanzu ba ta da nauyi saboda dabara aka sauya: aisi ce ke datse wutar tana sakinta sau dubu goma-goma, wata ma fiye da dubu 100, a sakan ɗaya. Haka ƙwan sola yake yi, haka inbata, haka na'urar da ke tsakanin faranti da batir. To duk lokacin da aka datse wuta farat ɗaya, bugun ba ya tsayawa shi kaɗai, yana haifar 'ya'ya da jikoki, ninki biyu, ninki uku, ninki ɗari, har su hau cikin miliyoyi. Gajeren zango kuwa tsakanin bugu miliyan 3 zuwa miliyan 30 yake zaune. Lokacin da Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a Jamus a 1887, da tartsatsin wuta ya aika su daga wannan gefen ɗaki zuwa wancan. Kowace caja ƙaramar tasha ce irin tasa, sai dai ba ta da abin faɗi. Muryar da Baba ke nema ta yi tafiyar dubban kilomita, ta daki rufin sararin sama ta dawo, ta iso eriyarsa da ƙarfin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt. Mai raɗa ne daga Zongo, can ƙetaren kogi, ga kuma maƙeri yana dukan uwar maƙera a gindin kunnenka. Tashoshin FM na cikin gari ba su cika shan wannan wahala ba, suna kusa, kuma saƙonsu ba a cikin ƙarfin igiyar yake ba, a cikin saurin bugunta yake. Shi ya sa Baba ke jin Ndeke Luka garau, Hausar ce kawai ke nutsewa.

Da mai rumfar ya ga abin ya kama ni, sai ya ciro allon wata matacciyar waya ya miƙo min. Ya ce wannan kuma aikin waɗanda ba su yi ƙwauro ba ne. A ido falle ɗaya ne, amma a cikinsa hawa-hawa ne na jan ƙarfe, takwas ko goma, an manne su kamar waina. Wasu daga cikin hawan babu hanya ko ɗaya a kansu, shimfiɗar jan ƙarfe ce daga gefe zuwa gefe, ita suke kira mas. A sama kuma ga wasu ƙananan gwangwanaye masu murfi an kifa a kan aisi, kowane sashe da ɗakinsa: mai magana da hasumiyar sadarwa daban, mai lissafi daban, mai kula da wuta daban. Michael Faraday ne ya nuna a 1836 cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe wutar waje ba ta ratsa cikinsa, ga shi yau an mayar da ɗakin nasa ya koma girman farce. Mai rumfar ya ce yaran da ke gyaran waya da gaggawa sukan ɓalle murfin su jefar, waya ta tashi, mai ita ya biya ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo yana kukan sabis ba ya zama.

Abin da ya fi tsaya min a rai a rumfar, a hannun yaronsa na gan shi. Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, yana zaune a kan benci da tsohuwar kwamfuta a cinya. Maigidan ya ce, ɗana, nuna wa baƙonmu allunanka biyu. Ya ɗan yi jim don kunya, sannan ya buɗe wata jakar leda.

Na'ura yake ƙerawa don masu rumfar cajin waya, wadda za ta karɓi bolt 12 daga batirin sola ta sauke shi zuwa bolt 5, ta ciyar da wayoyi da yawa a lokaci ɗaya. A kwamfuta yake zanawa da KiCad, manhajar kyauta da wani malami a Grenoble ta Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara a 1992. Idan ya gama sai ya kai a buga masa zanen a takarda mai sheƙi, ya kifa ta a kan allo mai fuskar jan ƙarfe, ya danne da dutsen guga na gawayi har tawadar ta kama. Sannan ya tsoma allon cikin wani ruwan magani mai launin tsatsa da ake kawo masa daga Duwala, ruwan ya cinye duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, hanyoyi su rage. Paul Eisler, ɗan Ostiriya da ya yi hijira zuwa Ingila, shi ya fara ɗora rediyo a kan irin wannan allo a 1936. Yaron bai san sunansa ba, amma sana'arsa yake yi a lungun kasuwa da dutsen guga.

Allon farko ya fi kyau a ido. Ya jera kwandensoshi a layi ɗaya, rezistoci a wani, kamar yadda ake jera 'yan atamfa da 'yan takalma a kasuwa. Ya yi aiki kuwa, wayoyi sun cika. Amma ranar da ya jona shi, rediyon maigidan ta kurumce, ta telan ma haka. Maigidan bai yi masa faɗa ba, ya ba shi jan biro ya ce ya bi wutar da hannu daga inda ta fito har inda ta koma.

A nan ne na fahimci abin da na daɗe ina karantawa bai zauna min ba. Mu da ba 'yan sana'a ba muna ɗaukar wuta kamar ruwan famfo, ta taso daga can ta zube a nan, shi ke nan. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar komawa. Duk abin da ya fita daga batir ko kwandensa sai ya dawo inda ya fito, tafi da dawowar kuma zobe suke yi. Wannan zoben shi ne eriyar da ba a yi niyya ba. Gwargwadon faɗin filin da ya kewaye, gwargwadon ƙarar da yake watsawa, idan kuma saurin bugun ya ninka biyu, ƙarar ninki huɗu take yi. Da yaron ya bi da jan biro, sai ya ga kwandensar da aisi ke zuƙar wuta daga gare ta a kowane bugu tana can gefe, nisan yatsa huɗu, hanyar komawar kuma siririn layi ne da ya zagaye bakin allon gaba ɗaya kafin ya iso gida. Zoben ya kusa cinye allon.

A allo na biyu ya rushe jerin nan mai kyau. Kwandensar ya manna ta a gindin ƙafafun aisi, har suna taɓa juna, ya matso da diyod da kwayil suka dunƙule wuri ɗaya, zoben ya koma bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya sayi allo mai fuska biyu, ya bar ta ƙasan duka jan ƙarfe, domin wuta mai saurin bugu idan ta samu shimfiɗa a ƙarƙashinta, ba ta yawo, bin ƙarƙashin layin da ta fito take yi ta koma, kamar inuwa. Ya huda ramuka ya zura guntayen waya ya liƙe sama da ƙasa a wurare da yawa. Sashen da ke datse wuta ya kai shi ƙarshen allo, siririn layin da ke auna bolt ya bi da shi nesa da kwayil, igiyoyin shiga da na fita kuma ya murɗe kowane biyu kamar tufkar igiya don kada su buɗe wani zoben a waje. Na tuna yadda magabata suka zaunar da garuruwanmu, majema a gefe saboda wari, maƙera nesa da inda ake karatu. Ba wanda aka kora daga gari, wuri aka ba kowa.

Kuskure ɗaya ya rage masa a zanen, maigidan ya kama shi kafin a kai ga dutsen guga. Wani layi ya rasa hanya a sama, sai yaron ya bi da shi ta ƙasa, ya tsaga shimfiɗar mas gida biyu. Maigidan ya ɗora yatsa a kan tsagar ya ce, wannan ai lambatu ka haƙa a tsakiyar hanya, duk mai komawa gida sai ya zagaya neman gada, kamar lokacin rikicin nan da ba a wuce gadar Yakité. Ya faɗa ne ba tare da ya ɗago kai ba, Baba ma bai ce komai ba. Yaron ya ɗauke layin ya tsallakar da shi ta sama da guntun waya.

Ba su da ɗakin gwaji, ba su da na'urar auna igiyoyi ta miliyoyin sefa. Rediyo ce ma'auninsu. Sukan murɗa ta zuwa inda babu tasha, su kunna allon, mutum ya riƙa ja da baya har ƙarar ta ɓace. Sun maimaita min gwajin da rediyon Baba. Da allon farko sai da na wuce rumfar tela na kai bakin lungu. Da na biyu, kamu ɗaya na matsa ta yi shiru. Kayan da ke kan allunan biyu kusan iri ɗaya ne, kuɗinsu ma haka, wurin zama kawai aka sauya musu.

Wannan ne ya sa gurbin nan da aka bari fayau a cikin farar caja ya ƙona min rai. Ilimin ba ɓoyayye ba ne, ba kuma sabo ba. Tun 1934 hukumar CISPR ke zama a kan yadda za a kare masu sauraron rediyo daga ƙarar na'urori. Amurka ta kafa wa kwamfutoci iyaka a 1979, Tarayyar Turai ta wajabta tata dokar daga 1996. Amma tambarin da ake bugawa a bayan kaya mai ƙera su ne ke bugawa da kansa, kuma kayan da ba za su shiga kasuwar da ake bincike ba, kasuwar da ba a bincike suke nufa. Abin da na gani a Kilomita Biyar shi nake gani a Farm Centre a Kano. Mai saye ba shi da hanyar sani, ya ɗaga caja biyu, ya ji farashi, ya ɗauki mai sauƙi, ba kuma zan ga laifinsa ba. Maigidan ya ƙara nuna min wani abu da ya fi ƙara muni. A allon kirki ana barin rata mai faɗi, wani lokaci har a yanka tsaga, tsakanin ɓangaren bolt 220 da ɓangaren da ke zuwa hannun mutum. A allon farar cajar kuwa, ratar ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. A gari mai laima irin Bangui, inda ƙura ke jiƙewa ta kwanta a kan komai, wannan maganar rai ce.

Muna shirin tashi wani ladani ya iso da amfilifaya a kafaɗa. Kukansa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama sahun gaba: liman na tsakiyar karatu, sai lasifika ta ɗauki dit-dirit-dit-dirit, kowa ya san wayar wani ce kira zai shigo. Wayar GSM ba ta magana a jere, aikawa take tana tsayawa kusan sau 217 a sakan, wannan bugun kuwa yana cikin abin da kunne ke ji. Doguwar igiyar makirfo ta kwaso shi, sashen farko na amfilifaya ya mayar da shi sauti. Maigidan ya ce zai sauya igiyar da mai rigar ƙarfe, ya sa ƙaramar kwandensa daidai bakin da igiyar ke shiga, ba can tsakiyar allo ba, domin ɓarawo a ƙofa ake tare shi. Ya ce ladan ya dawo bayan la'asar.

Ba a karɓi ko sisi a hannun Baba ba. Abin da aka ba shi shawara ce da wani baƙin zobe da aka ciro daga ƙullutun igiyar tsohuwar kwamfuta, irin ƙullutun da mutane ke gani ba su san amfaninsa ba. Da yamma muka yi aikin gida ni da jikokinsa. Muka kwashe cajojin zuwa ɗakin da ke ƙarshen gida, muka naɗa igiyar da ta fi ƙara sau uku cikin zoben, muka bi ƙwayayen sola ɗaya bayan ɗaya da rediyo a hannu har muka gano biyu da suka fi surutu, aka cire su. Babban jikan ya hau bishiyar mangwaro ya ɗaura doguwar waya, muka jawo ƙarshenta muka naɗa a eriya.

Ƙarar ba ta mutu duka ba. Katanga ba ta tare ta, kuma gidan dama da na hagu duk suna da nasu cajojin da inbatocin. Amma ta koma ƙasa, murya ta hau kanta. Baba ya zauna a kan buzunsa, ya ɗora rediyon a gwiwa, ya saurari kanun labarai daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Can wajen kogi hadari ya haɗu, walƙiya ta keta, rediyon ta yi ƙarass sau biyu. Ƙaramin jikan ya zabura zai je ya zare wata caja, Baba ya riƙe hannunsa ya ce ya zauna, wannan ta sama ce, ya san ta tun yana yaro. Aka shiga rahoton wani wakili daga Kano, a bayan muryarsa ana jin hon ɗin 'yan adaidaita sahu. Baba ya ƙara sauti kaɗan, ya juyo gare ni ya ce, ɗana, wannan wajen wace ƙofa ce?